Shin na'urar auna oksijin a tsoka tana iya gano zubar jini tun da wuri?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen karɓar waɗanda suka yi haɗari. Ana yawan maganar wata na'ura da ake mannawa a fata, wadda ke auna iskar oksijin da ke cikin tsoka ba tare da huda ko ɗibar jini ba, kuma ana cewa tana gano zubar jini na ciki kafin awon jini, wato ƙarfin da jini ke bugun jijiya da shi (BP), ya faɗi. Har zuwa ina za a iya dogara da ita?

Amsa: Malama, na'urar tana da tushe mai ƙarfi a ilimin yadda jiki ke aiki, kuma a ɗakin gwaji ta nuna tana iya riga awon jini ganin matsala, amma a kan gadon majinyaci ba ta kai matsayin da za a dubi lambarta ita kaɗai a yanke hukuncin cewa jini na zuba ko ba ya zuba ba. Amfaninta ya fi fitowa idan ana bibiyar yadda lambar ke sauyawa a jikin mutum guda, a wuri guda, da na'ura guda, ana kuma haɗa ta da sauran alamomi. Dalilin wannan iyaka yana cikin ainihin abin da take aunawa.

Buƙatar irin wannan na'ura ta samo asali ne daga yadda jiki ke ɓoye zubar jini. Baligi mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da jini kusan lita 5, kuma bisa rabe-raben da ake koyarwa a horon kula da masu rauni na ATLS, mutum na iya rasa kashi 15 cikin 100, wato kimanin mililita 750, ba tare da wani sauyi na a zo a gani ba, sannan awon jini na sama sau da yawa ba ya faɗuwa sosai sai asarar ta kai wajen kashi 30 cikin 100. Bugun zuciya ma ba shaida ce mai ƙarfi ba, domin tsoho, ko mai shan maganin da ke rage bugun zuciya, ko ɗan wasan da ya saba motsa jiki, na iya zubar da jini mai yawa alhali bugun bai tashi ba, yayin da zafin ciwo da tsoro kaɗai ke iya ɗaga bugun wanda bai rasa ko ɗigo ba. Gwajin haimogulobin kuwa, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, yana auna yawan sinadarin ne a cikin kowane ma'auni na jini, kuma tun da jinin da ke fita yana tafiya da ruwansa da ƙwayoyinsa gaba ɗaya, lambar ba ta sauka sai ruwan jiki ya shiga jijiyoyi ko an yi ƙarin ruwa. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa, wadda ke ba da SpO2, ita ma ba ta taimakawa a nan, saboda tana nuna yadda huhu ya cika jinin da ke fita daga zuciya da oksijin ne kawai, kuma mutumin da ya rasa lita ɗaya da rabi zai iya nuna kashi 98 muddin huhunsa lafiya lau yake.

Na'urar da kike tambaya a kai tana aiki da fasahar NIRS, wato auna oksijin ta hanyar haska nama, wadda Frans Jöbsis ya bayyana a shekarar 1977. Tana aika haske mai tsawon zango tsakanin nanomita 700 zuwa 900 ko kusa da haka, wanda ke ratsa fata ya shiga nama, sannan wani ido da ke ɗan nesa da mafitar hasken ya karɓi abin da ya dawo. Haimogulobin mai ɗauke da oksijin da wanda ya riga ya sauke nasa ba su shan wannan haske iri ɗaya: wanda ya sauke ya fi sha a wajen nanomita 760, a wajen 800 kuma shansu daidai yake. Daga wannan bambanci ake lissafo kason da ke ɗauke da oksijin, a rubuta shi da sunan StO2 ko SmO2. Abin lura shi ne manyan jijiyoyi suna shanye hasken gaba ɗaya, don haka saƙon da ke dawowa daga siraran jijiyoyi yake fitowa, kuma mafi yawan jinin da ke cikinsu, kusan kashi uku cikin huɗu, jini ne da ya riga ya ba tsoka rabonta yana kan hanyar komawa zuciya. Haka kuma mayogulobin, sinadarin da ke adana oksijin a cikin ƙwayoyin tsoka, yana shan hasken kusan kamar haimogulobin, na'urar kuma ba ta iya raba su. Lambar ke nan tana nuna yadda abin da ake kawo wa tsoka da abin da take cinyewa suka daidaita.

A nan ne dabarar take. Idan jini ya fara raguwa, jiki yana tsuke jijiyoyin fata da tsoka da hanji domin ya tanadi jini ga ƙwaƙwalwa da zuciya, kuma wannan tsukewa ce ke riƙe awon jini a sama. Tsokar da aka rage wa jini sai ta ƙara tatsar oksijin daga ɗan abin da ke iso ta, jinin da ke barin ta ya ƙara yin fanko, lambar ta sauka. Wato matakin da jiki ke ɗauka don ɓoye zubar jini daga na'urar awon jini shi ne ke tona shi ga na'urar tsoka. Amma wannan yana nufin na'urar tana ganin martanin jiki ne, ba ta ganin jinin da ya fita. Duk abin da ya tsuke jijiyoyin tsoka zai sauko da lambar ko da babu rauni, kuma duk abin da ya hana su tsukewa zai bar ta a sama ko da jini na kwarara cikin ciki. Kusan duk rauninta daga nan ya taso.

Hujja mafi kyau a gefenta ta fito ne daga gwaje-gwajen da ake yi wa masu lafiya. Ana sa ƙafafuwan mutum har zuwa ƙugu a cikin wani rufaffen akwati, ana zuƙe iskar ciki mataki-mataki, sai jini ya taru a ƙasa, abin da ke komawa zuciya ya ragu kamar an zubar da shi. Cibiyar binciken tiyata ta sojan Amurka da ke San Antonio ta yi aiki mai yawa da wannan hanya a ƙarƙashin Victor Convertino, kuma a binciken da Babs Soller da abokan aikinta suka wallafa a 2008, oksijin na tsokar hannu mai zurfi, wadda ke tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, ya fara sauka tun a matakan farko, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da raguwar jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu, tun kafin bugun zuciya da awon jini su nuna wani abu. Sai dai a cikin mutanen nan guda, na'urar da aka ɗora a tsokar gindin babban yatsa, a tafin hannu, ba ta nuna sauyin da wuri ba. Wani bincike da aka yi a Holan aka wallafa a 2011 ya sake nuna cewa tsokar hannu ta fi ta tafin hannu saurin nuna raguwar.

Wannan batu na wurin aunawa ya cancanci a tsaya a kansa, domin akwai sarƙaƙiya a ciki. An zaɓi gindin babban yatsa ne saboda dalilai masu ma'ana: kitsen wurin siriri ne kuma bai cika bambanta tsakanin mutane ba, launin fatar tafin hannu ba shi da duhu ko a jikin baƙar fata, kuma kumburi bai cika dagula shi ba. Saboda haka na'urar InSpectra, wadda aka fi amfani da ita a binciken masu rauni, a nan ake ɗora ta. Ga shi kuma wurin da ya fi ba da saƙo mai tsabta shi ne ya fi jinkirin nuna matsala, wurin da ya fi saurin nunawa kuma shi ne kitse da launin fata suka fi shafa. Duk wanda ya ce na'urar tana gano zubar jini da wuri, sai a tambaye shi wace na'ura, a wace tsoka, kuma a wane zurfi, domin sakamakon ɗaya ba ya zama hujja ga ɗaya.

Gwajin akwatin ma yana da iyaka da ya kamata a sani. Masu shiga cikinsa galibi matasa ne masu ƙoshin lafiya, a kwance suke cikin ɗaki mai daidaiton zafi, babu karaya, babu zafin ciwo, babu barasa a jininsu, kuma jinin nasu bai fita daga jiki ba, matsar da shi kawai aka yi. Idan aka koma ga ainihin ɗibar jini, kamar na masu ba da gudunmawar jini da ake ɗibar wa mililita 450 zuwa 500, sakamakon ya rarrabu. Wasu sun ga ɗan sauyi, amma wani ƙaramin bincike da aka yi a Siwizalan aka wallafa a 2010 bai ga saukar StO2 ba bayan ɗibar mililita 500 daga mata masu lafiya. Asarar kusan kashi 10 cikin 100 ke nan, kuma sauyin da take jawowa bai wuce irin hawa da saukar da lambar ke yi da kanta ba.

A wajen majinyata na gaske, bincike biyu ne aka fi ambata, kuma lambobinsu suna koyar da abu mai yawa idan aka karanta su da natsuwa. A na Crookes da abokan aikinsa na 2005, an auna masu lafiya 707 aka samu matsakaicin StO2 na tafin hannu kashi 87. A cikin masu rauni kuwa, waɗanda likitoci suka ce zagayen jininsu lafiya yake sun nuna kashi 83, waɗanda matsalarsu ƙarama ce su ma kashi 83, masu matsakaiciyar matsala kashi 80, sai waɗanda zagayen jininsu ya durƙushe sosai ne suka faɗo zuwa kashi 45. Na'urar ta bambance mai tsananin hali sarai, amma shi wannan ai ido ma yana ganinsa, da sanyin fata da zufa da gushewar hankali. Rukunin da ake neman taimako a kansu, wato waɗanda jikinsu ke ɓoye asarar, lambobinsu sun cakuɗe da na waɗanda ba su da matsala.

Na biyu shi ne na Cohn da abokan aikinsa na 2007, wanda ya ƙunshi masu mummunan rauni 383 a manyan cibiyoyi bakwai na Amurka, kuma daga gare shi ne iyakar kashi 75 da ake yawan faɗa ta shahara. Mutum 50 daga cikinsu sun samu gazawar gaɓoɓin ciki da dama daga baya. Saukar StO2 ƙasa da 75 a sa'a ta farko ta kama kashi 78 cikin 100 na waɗannan, amma a cikin waɗanda ba su samu gazawar ba, kashi 39 kawai ta wanke, ma'ana ta yi kururuwa a kan fiye da rabinsu. Cikin duk waɗanda ta nuna, ƙasa da ɗaya cikin biyar ne suka samu matsalar. Masu yabon na'urar sukan jingina da cewa idan lambar ta tsaya sama da 75, kashi 91 cikin 100 ba sa samun gazawar, kuma wannan gaskiya ne, sai dai a tuna cewa tun kafin a ɗora wa kowa na'ura, kusan kashi 87 cikin 100 na majinyatan ba za su same ta ba. Ƙarin da na'urar ta yi a kan wannan ɗan kaɗan ne. Abin da binciken ya tabbatar shi ne StO2 ta yi aiki daidai da gwajin tsamin jini da ake yi daga jinin da aka ɗiba, tare da fa'idar cewa ba ta buƙatar allura kuma tana bayar da lamba a kai a kai. Wannan fa'ida ce ta gaske. Amma a lura cewa abin da aka yi hasashe shi ne gazawar gaɓoɓi da mutuwa a cikin mutanen da aka riga aka san sun ji mummunan rauni, wanda ya sha bamban da gano zubar jini a jikin wanda ake shakka a kansa.

Abubuwan da ke rikita lambar a sashen gaggawa suna da yawa, kuma mafi yawansu suna tare da mai rauni tun daga ƙofa. Sanyi yana tsuke jijiyoyin gaɓoɓi, zafin ciwo da firgici ma haka, kuma magungunan ɗaga awon jini irin su noradirenalin suna yin wannan da gangan. Raunin zuciya yana sauko da lambar ba tare da an rasa jini ba, haka ma toshewar jijiya ko karaya a hannun da aka ɗora na'urar, ko ma kumburar robar awon jini idan a hannu ɗaya suke. Ta ɗaya ɓangaren, wanda ya fi haɗari, maganin sa barci na tiyata, da allurar kashe ciwo ta baya, da raunin lakar ƙashin baya, da barasa, duk suna sassauta jijiyoyi, sai lambar ta ci gaba da kyau alhali jini na raguwa. Mai gubar ƙwayoyin cuta a jini kuma zai iya nuna lamba daidai ko ma sama, saboda ƙwayoyin jikinsa sun kasa amfani da oksijin ɗin da ke wucewa ta gabansu.

Sai kuma matsalolin hasken kansa. Zurfin da yake kaiwa kusan rabin tazarar da ke tsakanin mafitarsa da idon da ke karɓarsa ne, don haka na'urar da tazararta milimita 15 ce ba ta wuce wajen milimita 7 zuwa 8, kuma idan kitsen da ke ƙarƙashin fata ya kai wannan kauri, kitse da fata take aunawa, alhali kitse ba ya cin oksijin kamar tsoka. Sinadarin da ke ba fata duhu shi ma yana shan wannan haske, musamman a gajerun zango, kuma wani bincike da aka wallafa a 2005 ya nuna saƙon yana raunana har ya ɓace a jikin masu duhun fata sosai. Masu ƙera na'urorin sun ƙara yawan zangon haske da dabarun lissafi don rage wannan, amma a ganina duk asibitin da zai saye ta yana da haƙƙin neman bayanin gwajin da aka yi a kan mutane masu launin fata irin na majinyatansa, ganin cewa ko na'urar yatsa da aka shafe shekaru ana amfani da ita an gano a 2020 cewa ta fi yawan ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata. Bugu da ƙari, babu wani ma'auni guda da ake daidaita dukkan na'urorin da shi, saboda ba a iya ɗibar jinin siraran jijiyoyin tsoka a auna kai tsaye. Na'urori irin su InSpectra da INVOS da NIRO za su iya ba da lambobi mabambanta a tsoka ɗaya a lokaci ɗaya, don haka iyakar 75 ta na'urar da aka samo ta da ita ce da kuma wurin da aka ɗora ta. Na'urorin da 'yan wasa ke ɗaurawa a cinya don tsara atisaye kuwa ba a yi su don majinyata ba.

Akwai dabarar da ake bi don ƙara wa awon ƙarfi, wato a kumbura robar awon jini a damtse har ta tsayar da jinin hannu na kusan minti uku, a duba saurin saukar lambar, sannan a saki a duba saurin hawanta. Saurin hawan yana nuna yadda siraran jijiyoyi ke iya buɗewa, kuma yakan lalace tun lambar hutu tana nan daidai. Dabarar ta fi lamba guda bayani, amma tana cin lokaci, tana buƙatar majinyaci ya natsu, kuma har yanzu masu bincike ba su bin tsari ɗaya wajen ƙarfin kumburi da tsawon lokaci.

Wannan ne ya sa jagororin kula da zubar jini ba su ɗora nauyi a kanta ba. Jagoran Turai na kula da mummunar zubar jini bayan rauni, a bugunsa na shida na 2023, ya dogara ne ga duba majinyaci da yadda raunin ya faru, da lissafin raba bugun zuciya da awon jini na sama, da maimaita gwajin haimogulobin, da laktet, wato sinadarin da ke taruwa a jini idan oksijin bai ishi jiki ba, da tsamin jini, da hoton sikanin na ciki da ƙirji. Lissafin nan na bugu da awon jini ba ya buƙatar kuɗi ko sabuwar na'ura: ga mai lafiya yakan faɗa tsakanin 0.5 da 0.7, idan kuma ya haura 0.9 sai a ɗaga kunne.

Idan na'urar tana hannunki, hanyar da za ta fi amfanar majinyaci ita ce a ɗora ta da wuri a gaɓar da ba ta ji rauni ba, nesa da robar awon jini da layin ƙarin ruwa, a rufe ta daga hasken ɗaki, a rubuta lambar farko tare da zafin jiki da magungunan da ake ba shi, kuma kada a sauya wuri ko na'ura a tsakiyar bibiya. Lambar da ke gangarowa a hankali cikin mintuna, a jikin wanda aka ɗumama aka kuma rage masa ciwo, dalili ne na sake duba shi daga kai zuwa ƙafa, a maimaita laktet da sikanin, a sanar da likitan tiyata ko da awon jini bai motsa ba. Lambar da ta ƙi tashi bayan ƙarin jini tana nuna ko dai zubar ba ta tsaya ba ko kuma ƙarin bai isa ba, kuma a nan, wajen bin sawun farfaɗowa, hujjar amfaninta ta fi ƙarfi. Amma idan yadda haɗarin ya faru, ko taurin ciki, ko karayar ƙugu, ko hauhawar bugun zuciya suna nuna zubar jini, lamba mai kyau a fuskar na'urar ba dalili ba ce na jinkirta neman jini ko shiga ɗakin tiyata, musamman ga majinyacin da ke ƙarƙashin maganin sa barci, ko wanda ya sha barasa, ko wanda ake zargin ya ji rauni a laka.